Na Zaune Ma Yana Ganin Gari: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyin da Ya Koma Kan Keken Guragu

Shekara ashirin da shida na yi ina fataucin goro tsakanin Kano da Shagamu, wani lokaci har Kumasi, kafin motar da nake ciki ta faɗi da dare muna kan hanyar dawowa gida, ƙashin bayana ya karye, lakata ta taɓu. Yau shekara tara ke nan ina kan keken guragu. A tsawon wannan lokaci tsofaffin direbobin tirela, da 'yan tireda masu zuwa Kwatano, da masu kai shanu kudu, da hajiyoyin da suka saba saro kaya daga Dubai, da 'ya'yan da ke jinyarsu, sun riƙa kirana ko aiko mini da saƙo. Na lura tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, ko hatsari ne ya zaunar da mutum, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon suga da ya kai ga yanke ƙafa. Su ne na tattara a nan. Abin da ya shafi jiki na koye shi ne daga ma'aikatan gashin ƙashi da suka duba ni, don haka kada wata amsa ta hana kowa komawa wurinsu.

Likita ya ce sai an nemo mini keke. Wannan yana nufin an fid da rai da warkewata ke nan?

Keke abin hawa ne, kamar yadda jaki da raƙumi suka kasance ga kakanninmu, kuma hawansa ba ya rufe ƙofar samun sauƙi. Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki sau da yawa yakan ga canji a watannin farko idan ya dage da gashi, kuma keken ne zai riƙa kai shi wurin gashin. Wanda lakarsa ta tsinke gaba ɗaya lamarinsa dabam ne, galibi ƙafafun ba sa dawowa, kuma ya fi kyau ya tambayi likita kai tsaye ya ji wanne ne nasa a cikin biyun, maimakon 'yan'uwa su yi ta ɓoye masa.

Ni wata bakwai na yi ina ƙin keke, ina ganin hawansa tamkar miƙa wuya ne. A cikin watannin nan hannuwana suka rame, ƙirjina ya cushe da majina, kuma babu abin da na ƙaru da shi sai sanin adadin azarar rufin ɗakina. Addu'a da tawakkali ba sa karo da keke. Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne kai mai karayar ƙashin baya wurin mai ɗori a ja shi ko a danna masa baya, domin ja ɗaya na iya tsinka abin da ya rage na lakar.

Wane suna ya dace a kira mu da shi: gurgu, nakasasshe, ko mai buƙata ta musamman?

A rediyo da takardun hukuma yanzu an fi cewa masu buƙata ta musamman ko masu lalura ta musamman. A bakin jama'a kuwa keken guragu sunansa ke nan, kuma a garuruwa da yawa akwai Sarkin Guragu mai jama'arsa da martabarsa, don haka ni ba na jin kunyar kalmar. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da sunan yanka ya ɓace, wanda jiya ake ce wa Alhaji ko Madugu ya koma "gurgun gidan nan". A ci gaba da kiran mutum da sunan da aka san shi da shi a tasha da kasuwa.

Wane irin keke zan nema?

Yawancin kekunan da 'yan'uwa ke sayowa a kantin magani, ko ake rabawa a wurin taro, irin na asibiti ne masu naɗewa, waɗanda aka ƙera don a tura majiyyaci a kan siminti mai santsi. Ƙananan tayoyinsu na gaba suna nutsewa a yashi, ledar mazauninsu tana lotsawa bayan 'yan watanni, kuma ba safai suke zuwa da matashin kirki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da kekuna a ƙasashe masu ƙarancin hali a 2008, kuma abin da ta tsaya a kai shi ne keke ya dace da jikin mai shi da wurin da yake zaune, ya kasance mai ƙarko, kuma a iya gyara shi a garin. Wanda zai riƙa bin lungu mai rairayi da kwata ya nemi irin mai doguwar gaba da taya ɗaya mai kauri, domin ba ya saurin kifewa.

Awo shi ne kan gaba. Faɗin mazauni ya zo daidai da ƙugu, yadda tafin hannu zai shiga ta kowane gefe ba tare da matsi ba. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar wurin yatsu biyu zuwa uku. Matakin ƙafa ya tsaya inda cinya za ta kwanta sosai a kan matashi. Manyan tayoyin su kasance girman na keken hawa, inci 24 ko 26, domin kowane mai faci ya iya canza tif da sifoki. Sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, shi ne wurin da ya kamata a je a yi wannan awo kafin a kashe kuɗi.

Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda 'yan'uwanmu da shan-inna ta taɓa suke ƙerawa a Kano, babu kamarsa wajen zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a, amma ba ya shiga ɗaki ko banɗaki, kuma yana buƙatar hannu biyu masu ƙarfi da bayan da ke iya riƙe kansa. Mai shanyewar ɓarin jiki ya fi amfana da keke mai gajeren mazauni wanda zai riƙa turawa da hannu ɗaya yana jan ƙasa da lafiyayyar ƙafarsa. Keken lantarki yana da daɗi, sai dai a yi lissafin wuta da kuɗin batir da nauyinsa wajen ɗorawa a mota kafin a saya.

Mene ne gyambon zama, kuma me ya sa ake ta jan kunne a kansa?

Mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya. Jikinsa ne ke sa shi muskutawa ba tare da ya sani ba. Wanda ba ya jin ƙasan jikinsa ba ya samun wannan saƙo, sai nauyinsa ya danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kaiwa, naman ya mutu daga ciki. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasusuwan zama, da ƙarshen ƙashin baya, da kwatangwalo, da diddige. Wannan gyambo yana kashe mutane idan ya zurfafa ya ruɓe, kuma na rasa abokai biyu ta dalilinsa, duk da sun tsira daga hatsarin da ya zaunar da su.

Kariyarsa ɗabi'a ce ta kullum. Duk rabin awa a sunkuya gaba, ƙirji a kan cinya, ko a karkata gefe ɗaya sannan ɗayan, na kimanin minti biyu. A kwance a riƙa juyawa duk awa biyu. Safe da yamma a duba fata da madubi, ko wani ya duba. A fatarmu ba lallai a ga ja ba, don haka a lura da wurin da ya yi duhu, ko ya yi tauri, ko ya fi kewayensa ɗumi. Idan bai koma daidai ba bayan rabin awa da sauke nauyi, kada a sake zama a kansa. Matashi ya zama na soso mai ƙarfi da aka yanka don wannan aiki, kuma a guji zama a kan tif ɗin taya ko matashi mai rami a tsakiya, domin zoben yana datse jini.

Sau ɗaya makullin shago ya zame daga aljihun rigata ya shige ƙarƙashin cinyata muna hanyar zuwa ɗaurin aure, ban sani ba sai da dare da uwargida ta ga shatinsa a fata. Wata biyu na yi kwance rub da ciki. Tun daga ranar nake shafa mazauni da hannu kafin in hau, in kuma miƙar da cukurkuɗen wando. Haka nan wuta: kaskon garwashi da hunturu, da ruwan wanka, da ƙarfen keken da ya sha rana, duk suna ƙona ƙafar da ba ta ji.

Gidanmu ginin da ne mai dokin ƙofa da masai na tsugunno. Ta ina za mu fara gyara?

A fara da hanyar fita, tun kafin fenti ko sabuwar katifa. Gangaren da mutum zai iya hawa da kansa shi ne wanda duk tsayin santimita 1 aka ba shi tsawon santimita 12, wato matakala mai tsayin santimita 20 tana buƙatar gangare mai tsawon santimita 240. Magina sukan taƙaita shi don tsimin siminti, sai ya zama tudun da ke mayar da keke baya, don haka a tsaya a kansu. Faɗin ƙofa ya kai santimita 80 zuwa 90, kuma keke yana buƙatar fili kamar santimita 150 kafin ya juya. Idan tsakar gida yashi ne, daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya daga ɗaki zuwa zaure ya wadatar, sai kuma murfi mai ƙarfi a kan kwatar ƙofar gida.

Masai kuwa, mai walda zai iya haɗa kujera mai rami da za a ɗora a kan bakinsa, da ƙarfen dafawa a bango. Gado ya zo daidai da tsayin mazaunin keke, kuma gogaggen katako mai santsi da za a gitta tsakaninsu yana sa mutum ya zame da kansa ba sai an cicciɓe shi ba.

Tun ina saurayi ban taɓa yin wata guda a gida ba. Yanzu ƙunci ya hana ni barci. Haka kowa ke ji?

Haka kusan kowa ke ji, amma na matafiyi ya fi tsanani, domin shi ba ƙafa kaɗai ya rasa ba. Ya rasa asubancin tasha, da mai shayin da ya san yawan sukarinsa a Mokwa, da mai masaukin da ke ajiye masa tabarma a Sabo ta Ibadan, da farin cikin yara idan ya sauke tsaraba. A shekarata ta farko, ƙarar babbar mota tana canza giya a bakin titi ta isa ta sa in juya fuska bango. Ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub ma ya yi kukan abin da ya rasa.

Amma akwai iyaka. Idan mutum ya yi makonni ba ya cin abinci, ba ya son ganin kowa, ko ya fara cewa gara a ce ya mutu, wannan ciwo ne da ake dubawa a asibiti kamar hawan jini, kuma iyali su gaya wa likita ba tare da jin kunya ba. Abin da ya fi taimakona shi ne ziyarar wani tsohon direba da ya riga ni hawa keke da shekara goma, wanda ya zo da kansa, ya hau gangaren gidanmu ba mai turawa, ya tambaye ni farashin goro a bana. Sauran maganin yana cikin amsar da ke biye.

Iyalina sun fi son in zauna a ɗaki don kada in wahala. In bi ra'ayinsu?

Ƙauna ce ta sa su, amma kada ka yarda. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma gaskiyar maganar tana bayyana bayan wata uku, lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa, kowa ya koma harkarsa. Wanda ya tsaya jiran a zo masa zai daɗe yana jira. Ka sa lokaci tsayayye, misali bayan La'asar, a fitar da kai zaure ko majalisar unguwa kowace rana, ko da ba ka jin magana. Ka je jana'iza, ka je suna, ka je ɗaurin aure, domin wanda ake gani shi ake tunawa da shi idan shawara ta taso.

Matan da suka saba fita fatauci abin ya fi yi musu wuya, domin sauƙin a mayar da su ƙuryar ɗaki ya fi yawa. Wurin zamansu ya kasance tsakar gida inda ake girki da hira, kuma a ci gaba da kai su biki da Islamiyya.

Ina da labaran tafiya masu yawa, amma ina tsoron in gundure mutane. Yaya zan yi?

Wanda ya ga gari yana da abin da ba a saya a kasuwa, kuma tun zamanin ayari, idan fatake suka sauka a zango, labarin hanya shi ne abin da ake taruwa a ji bayan an ci tuwo. Abin da ke gundurar mutane shi ne labarin da mai shi kaɗai ke ciki, na yi kaza, na ci riba kaza. Wanda ke riƙe su shi ne mai ɗauke da abin da za su gani da idon zuci: yadda ake jera goro a ganye ana yayyafa masa ruwa kafin a ɗaure huhu, yadda ake buɗe huhun a hanya a tsince wanda ƙwaro ya shiga kafin ya ɓata sauran, yadda hazo ke rufe Gadar Jebba da asuba, ko yadda ka fara jin Hausar zangon Kumasi ka gane kowace kalma amma karin ya zame maka baƙo. Ka ba da labari ɗaya ka tsaya tun ana marmari, ka kuma bar wasu su kawo nasu.

Kada ka ƙara gishiri. An daɗe ana zolayar matafiya da ƙarya, kuma yau yaro zai ciro waya ya duba nisan Tamale da Kumasi kana cikin magana. Idan aka kama ka sau ɗaya, har gaskiyarka ta zama tatsuniya. Ka haɗa da wuraren da ka yi kuskure, inda dillali ya rufe ka, inda ka raina wani ya zame maka gata, domin matasan da ke shirin shiga harkar da waɗannan suke ƙaruwa.

Wani abu da na daɗe ban gane ba shi ne, idan duk labaranka sun tsaya a ranar da ka kwanta, kai da kanka kana shaida wa jama'a cewa rayuwarka ta ƙare a nan. Tafiyar da na yi zuwa Zariya a kan keke, da yadda 'yan kamasho huɗu suka yi ta gardamar ta inda za a kama ni, ta fi yawancin tsofaffin labaraina jan hankalin majalisa. Duba amsoshin da suka shafi tafiya a mota da jirgi.

Mu 'ya'ya ne muke tambaya: ta yaya za mu adana labaran Baba kafin su ɓace?

Wayar hannu ta isa. Ku zaɓi lokacin da ya fi sakewa, ku ajiye wayar kusa da shi, ku yi tambaya ɗaya takamaimiya. "Baba, ba mu labarin rayuwarka" ba ta fitar da komai, "Baba, wa ya fara ɗora ka a mota, kuma nawa ne jarinka?" ita ce ke buɗe baki. Ku bi hanya zango-zango, ku tambayi sunayen garuruwa da farashi da irin kuɗin da ake kashewa a lokacin, ku fito da tsohon fasfo da hotuna da littafin bashinsa, ko da ajami aka rubuta shi. Rabin awa a zama ɗaya ya wadatar, kuma ku tuna masa ya muskuta kamar yadda aka bayyana a amsar gyambon zama, domin daɗin hira yana mantar da mutum. Ku rubuta kwanan wata a kan kowane sauti, ku ajiye shi a wuri fiye da ɗaya.

Kada ku raina wannan aiki. Dorugu, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth, Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasashe, har Ingila a 1855, mun san abin da ya gani ne saboda an zaunar da shi ya faɗa an rubuta. Dubban fataken da suka yi ta zuwa Salaga sayen goron Gwanja, da alhazan da suka taka ta Chadi da Sudan suna shekaru kafin su isa Makka, yawancinsu sun tafi da nasu a ciki. Ku nemi izininsa kafin ku sa wani abu a Facebook ko WhatsApp, musamman inda ya ambaci sunan wani ko bashi ko sirrin ciniki.

Kowa sai ya tambaye ni yadda abin ya faru. Dole ne in riƙa maimaitawa?

Ba dole ba ne. "Ƙaddara ce ta hanya, mun gode Allah" amsa ce cikakkiya, kuma mai hankali zai tsaya a nan. Labarin naka ne, ka ba wanda ka ga dama a lokacin da ka ga dama. Ni nakan faɗe shi dalla-dalla ga direbobi matasa kawai, saboda akwai gyangyaɗi da gudun dare a cikinsa.

Wasu suna miƙo mini sadaka, wasu kuma suna yi wa mai tura ni magana a maimakona. Me zan ce?

Ranar farko da wata baiwar Allah ta ajiye mini kuɗi a cinya a ƙofar banki, na kasa cin abincin dare. Daga baya na fahimci alheri ta nufa, kuma idonta ya saba ganin keke tare da ƙoƙon bara. Yanzu nakan ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, ni ma ciniki na zo yi, ki ba wanda ya fi ni buƙata," kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Wanda ya tambayi yarona abin da nake so, nakan riga yaron amsawa, da sallama da murya a sake. Ga masu son taimako kuma, a tambaya kafin a kama keken mutum, kada a jingina da shi, kuma idan hira za ta yi tsawo a nemi wuri a zauna yadda ido zai haɗu da ido.

Yaya batun alwala da salla da zuwa masallaci?

Addini ya sauƙaƙa. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Mai keke yana sunkuyawa don ruku'u, ya ƙara sunkuyawa fiye da haka don sujada. Wani zai iya taimaka masa da wanke ƙafa, kuma inda ruwa zai cutar akwai taimama. Mai robar fitsari ko wanda ba ya iya riƙewa yana da hukuncin mai uzuri, sai ya zauna da malaminsa ya bayyana masa halinsa ba tare da kunya ba.

Matsalar masallaci matakala ce da kuma tayar da ta taka ƙasa. Ni ina ajiye tsumma da 'yar buta a jakar bayan keke, a goge tayoyin a bakin ƙofa, in tsaya a ƙarshen sahu. Kwamitin masallacinmu ya zuba gangare bayan na yi wa liman magana sau ɗaya, kuma tsofaffi masu sanda sun fi ni amfani da shi.

Zan iya sake yin doguwar tafiya a mota?

Za ka iya, kuma a nan ne sanin hanya zai yi maka rana, domin madugu tun a gida yake lissafin zangonsa. Ka nemi kujerar gaba, ko ka biya kuɗin mutum biyu. Ka zauna a kan matashin kekenka, kada ka bari a ɗaure shi a but tare da keken, kuma ka tsaya ka ga yadda aka ɗora keken don kada a danne shi da buhu. Ka yi yarjejeniya da direba tun a tasha cewa za a riƙa tsayawa, ka ci gaba da muskutawa a cikin motar. Kada ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari, domin hakan ke kawo ciwon mafitsara. Ka tanadi roba da leda da kayan canzawa fiye da abin da kake zaton buƙata, da famfo da faci da sifana. Ka fara da tafiyar awa ɗaya ko biyu kafin ka tunkari Legas, kuma ka kira masauki ka tambayi faɗin ƙofar banɗaki da yawan matakala.

Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama ya san wannan alama: ciwon kai mai sara farat ɗaya, da gumi a fuska, da toshewar hanci. Jini ne ya hau saboda wani abu yana damun ƙasan jiki, galibi mafitsara ta cika ko robar ta lanƙwashe. A zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba robar, idan bai lafa ba a nufi asibiti mafi kusa. Masu irin wannan rauni kuma jikinsu ba ya yin gumi yadda ya kamata, don haka a bazara a yi sammako, a riƙe tsumma mai ruwa.

Jirgin sama fa, da aikin Hajji ko Umara?

Ka sanar da kamfanin jirgi tun wurin sayen tikiti, aƙalla awa 48 kafin tashi, ka bayyana ko kana iya hawa matakala ko sai an kai ka har kujera, domin kowanne da irin shirin da ake yi masa. Kekenka zai tafi cikin kaya, a shigar da kai da wata siririyar kujera, don haka ka cire matashi da matakan ƙafa ka riƙe su a hannu, ka rubuta sunanka da lambar waya a jikin keken. Mai keken lantarki ya faɗi irin batirinsa tun da wuri. Maniyyaci ya sanar da hukumar alhazan jiharsa tun lokacin biyan kuɗi, kuma ya yi ƙoƙari ya tafi da wanda ya san jinyarsa.

Ɗawafi a kan abin hawa yana da asali, domin Annabi ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana, kuma da Ummu Salama ta yi ƙorafin rashin lafiya ya ce ta yi nata a kan abin hawa ta bayan mutane. A Harami masu keke galibi a benaye suke ɗawafi, inda zagayen ya fi na ƙasa tsawo sosai, kuma akwai layinsu na musamman tsakanin Safa da Marwa, wanda sawu bakwai ɗinsa, zuwa da dawowa, ya kai kimanin kilomita 3. Akwai masu turawa da hukuma ta amince da su, a yi ciniki da su kafin a fara. Jifa kuwa ana iya wakilta wani. Wurin da ya fi buƙatar shiri shi ne Mina da Arfa, saboda zafi da cunkoso da layin banɗaki, kuma a can ne ya kamata a ninka duba fata.

Akwai dokar da ta kare mu?

A Najeriya akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira 1,000,000 ga kamfani. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta kuma ce a ba mu fifiko a layi. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan. Ghana ta yi tata dokar tun 2006. Duk wanda ke yawo a kan keke ya san gine-gine da yawa har yau ba su gyara ba, shi ya sa nake neman shugaban wuri in gaya masa cikin ladabi cewa doka ce, in kuma ba shi awon gangaren da ke cikin amsar gyaran gida.

Jarina ya tafi a jinya. Wace sana'a ta rage wa wanda hanya ce kaɗai ya sani?

Abin da fatauci ya bar maka ya fi jari: ka san mutane, ka san kaya, kuma an san amanarka. Ni na koma dillanci ta waya. Abokan cinikina na Shagamu suna turo hoton goro, in duba launi da girma in faɗi daraja, in haɗa su da masu saye a nan, in karɓi la'adata. Tsohon direba zai iya zama mai rubuta lodi a tasha ko mai haɗa masu kaya da motoci, kuma hajiyar da ta san masu shaguna a Dubai ko Kwatano za ta iya yin oda 'yarta ta karɓo. Ranar da mota ta iso nakan sa a kai ni kasuwa da kaina, a kwance huhu ɗaya a ɗora mini a cinya, in fasa goro in ga cikinsa in ɗanɗana, domin hoto ba ya nuna ɗaci, kuma har yau babu wanda ya sayi kaya ta hannuna ya dawo da shi.